Jan Fenti a Jikin Ɗorawa

Shekarar da ɗana ya gama ginin gidanmu na Lugbe ya shigo min da gwangwanin jan fenti, wai na ƙofar gida ne. Na ce ya fitar min da shi tun raina bai ɓaci ba. Ya tsaya yana dariya, yana cewa ai launi ne kawai, Umma. Na ce a wurinka ne yake launi. Ƙofar nan har yau shuɗiya ce, kuma muddin ina numfashi haka za ta zauna. A bayanta jikokina suke a kulle tun dawowarsu daga makaranta har wayewar gari, kowa da waya a hannu. Idan ɗaya ya kuskura ya leƙa titi sai uwarsa ta kwarma ihu kamar ya faɗa rijiya. Ba na ganin laifinta, garin ne ya zama haka. Garin nake jin haushi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutum ya zauna a gabana, ya harɗe ƙafa, ya ce ai Abuja daji ce kafin gwamnati ta zo, babu kowa sai birai. To ga ɗaya daga cikin biran nan tana rubutu. A nan aka haife ni, a wani ɗan ƙauyen manoma Gbagyi da za ka zagaye shi tuwonka bai huce ba. Yana wajen da ake kira Utako yanzu, ko kusa da nan, don ni kaina ba zan iya dire ƙafa in ce nan ne ba.

Babana Bazazzagi ne, ɗan tireda. Teburi gare shi a ƙofar gida, da gishiri da kananzir da ashana da allura da zare. Innata ta rasu ina shekara shida. Mu kaɗai ne Musulmi a ƙauyen lokacin, babu maƙabartarmu, sai Baba ya kira wasu fatake biyu suka taya shi, suka binne ta a bayan gari ƙarƙashin wata babbar ɗorawa, ba dutse ba alama, yadda addini ya ce. Ɗorawar nan ita ce kaɗai shaidar inda take. Daga nan wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ɗauke ni. Iya nake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji, kuma ba ta taɓa tambayata inda za ni sai dai inda na fito.

Yawo kuwa na yi shi. Da gari ya waye na sha kunu, shi ke nan an rabu da ni sai yunwa ta koro ni, kuma ba kullum take koro ni ba, don daji cike yake da abin kaiwa baka. Mu kan yi tawaga, maza da mata, ba wanda ya kai goma sha biyu. Mu gangara rafi mu ɗaga duwatsu mu kama ƙaguwa, mu gasa ta a wutar kara, mu ci har da ɓawon. Mu hau dutsen bayan gari mu zamo a kan ganye har zanen mutum ya huje, a dawo gida ana tafiya da baya-baya kada a gani. Lokacin kanya mu ci kanya, lokacin ɗinya bakunanmu su yi baƙi ƙirin, lokacin kaɗanya mu riga mata zuwa tsinta su bi mu da zagi. Ƙafata ta san kowace ƙaya a wurin nan. Idan akuyar wani ta ɓata ba a tambayar manya, mu ake tambaya. Ban taɓa jin an ce kada ki yi nisa ba. Duk matar da na gamu da ita a hanya, da itace a kafaɗa yadda matan Gbagyi suke ɗauka, ta san 'yar waye ce ni, kuma idan na yi ba daidai ba a nan take za ta murɗe min kunne ba sai ta kai ƙara ba.

Doka ɗaya ce tak a kanmu, kuma ko mafi taurin kai a cikinmu bai taɓa karya ta ba. Idan mutum yana son bishiya ta zama tasa, sai ya kwaɓa jar ƙasa ya shafa a jikinta daidai ƙirjinsa. Shi ke nan, ta yi mai ita. Ba a hawa, ba a jifa, ba a sara, ko 'ya'yanta sun faɗo ƙasa sai dai ka tsallake. Ba wanda ya ce mana ga abin da zai same mu idan mun taɓa. Ba a taɓawa, iyakarta ke nan. Tun ban iya ƙirga goma ba na san ja a jikin bishiya yana nufin a bar ta.

Ɗorawar innata ba ta da ja. Iya ta sha ce wa Baba ya shafa mata, tunda matarsa ce a ƙarƙashi, shi ya fi kowa iko da ita. Baba ya ƙi. Ya ce a bar ta a buɗe, duk yaron da ya sha garinta, duk matar da ta ɗebi kalwarta ta yi daddawa, ladan na mai kwance ne. Don haka ta zama wurin taruwarmu. Da bazara mu hau mu karyo, mu ɓare, mu yi ta ɗura garin a baki har fuskokinmu su koma rawaya. Ni ban ɗauki wurin a matsayin kabari ba. Wurin Inna ne kawai. Idan an ɓata min rai can nake zuwa in hau reshe na biyu in yi ta ƙunƙuni.

Ina shekara tara ko goma rediyon Baba ta fara maganar wai za a ɗauko babban birnin ƙasa daga Ikko a kawo nan. Mutanen ƙauye suka yi ta dariya. Iya ta ce a kafaɗa za su ɗauko shi ko a ka? Ba a daɗe ba sai ga motoci masu dogayen ƙafafu suna ratsa gonakin doya. Mutane suka fito da hulunan kwano da wani abin hange mai ƙafa uku, wani ya leƙa, wani ya tsaya can nesa da sanda mai zane, suna ta ɗaga wa juna hannu. Ba su gaida kowa ba. Mu yara muka bar ƙaguwa muka koma bin su, don ba mu taɓa ganin manya suna wasa irin wannan da rana tsaka ba.

A bayansu akwai wani mai bokitin fenti da buroshi. Duk bishiyar da aka nuna masa sai ya zana mata ja, layi biyu a gicciye, daidai ƙirjinsa. Haka ya yi ta yi, bishiya bayan bishiya, a miƙe sambal tun daga rafi har gindin dutse.

Ba wanda ya yi mana bayani, kuma ba wanda ya ga buƙatar tambaya, don abin a fili yake. Gwamnati ta zo ta shafa wa bishiyoyin da take so. Dattawa suka ji zafin kanyoyin da aka ƙwace musu ba sallama, amma suka ja mana kunne cewa daga yau waɗannan na gwamnati ne, kada wanda ya jawo wa gari magana. Sai kuma labari ya zo daga wani ƙauye can gaba cewa akwai wata mota mai suna katafila, tana tafe tana cin daji, bishiya ba ta gagare ta ba. Da yamma ina tsefe wa Iya kai na tambaye ta ko za ta zo nan.

"Zai zo," in ji ta. "Amma mai ja, ba ya taɓa. Na oga nasu ne. Wanda babu ja, shi ne zai ci."

Ɗorawar innata tana gefe, taku kamar ashirin daga layin masu ja, kuma babu ko ɗigo a jikinta.

Washegari Baba ya tafi sarin kaya tsohon garin Abuja, wanda daga baya aka sake wa suna Suleja don a ba sabon birni nasa. Ni kuma na cika gefen zanena da ɗorawa mafi kyau, na tafi neman mai fenti. Na same shi zaune a inuwa shi da abokan aikinsa suna cin burodi. Matashi ne, siriri, da ɗan gemu, da fenti a farcensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa min da Hausa tsantsa, Hausar Kano, irin wadda ba na ji sai a bakin fatake. Wannan shi ne abin da har gobe ban yafe masa ba. Da a ce bai ji Hausa ba, da na ce rashin fahimta ne.

"Malam, don Allah ka zo ka shafa wa tamu."

"Taku wacce?"

Na nuna masa.

"Waccan ai ba ta cikin layi, 'yan mata. Me za ki yi da fenti a jikinta?"

"Don kada a taɓa ta. Ta innata ce."

Ya dube ni, ya dubi bishiyar, sai ya fashe da dariya har burodi ya sarƙe shi. Ya juya ya faɗa wa sauran wani abu da Turanci, su ma suka kwashe. Ni ma na yi murmushi, wawuya, na zaci burge su na yi. Na zube masa ɗorawar a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya ɓare ya ɗanɗana, ya ce kai, da zaƙi. Sannan ya miƙe ya ɗauki bokitinsa ya bi ni har gindin bishiyar, ya tsoma buroshi, ya ja layi biyu manya-manya, har fentin yana zirara a ɓawon.

"To shi ke nan, an gama. Kin ji daɗi?"

Na ce Allah ya saka da alheri. Da bakina na faɗa, har sau biyu.

Kalma ɗaya ta ishe shi. Kawai ya ce yarinya, wannan ja na sarewa ne, amma bai faɗa ba. Ba zai rasa aikinsa ba, ba zai rasa burodinsa ba. Na yi shekaru ina juya abin a raina ko zan samo masa uzuri, wataƙila ya ɗauka masu sara za su lura ba ta cikin layi, wataƙila ya manta kafin ya kai mota. Ban samo ba, kuma na daina nema. Idan yana raye yanzu ya tsufa, wataƙila yana da gida mai katanga a garin nan, yana ba jikokinsa labarin yadda suka gina Abuja daga daji. Ina fata burodin nan yana sarƙe shi har yau.

Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Iya kaɗai na faɗa wa. Ta rungume ni ta ce, "Kai yarinya, kana da kai." Baba kuwa ban faɗa masa ba, don na san shi ya ce a bar ta a buɗe, kuma ga shi na rufe ta. Da ya dawo na yi ta jiran faɗa, shiru. Na ɗauka bai bi ta wajen ba.

Daga ranar ba yaron da ya sake hawanta. Ni da kaina na tsare, wanda ya matso in nuna masa jan. Sauran ɗorawar shekarar nan ta bushe a sama, ta zubo, ta ruɓe a ƙasa. Mata suka daina zuwa ɗibar kalwa. Muka koma taruwa a rafi, amma ba daɗi kamar da, don yanzu duk inda muka juya akwai ja, kuma rabin dajin ya zama na tsallakewa. Damina ta sauka, ta yi ta dukan bishiyoyi wata da watanni. Jan da ke jikin sauran ya dusashe, wasu sai ka matso kusa kake gani. Na ɗorawarmu kuwa kullum jawur yake kamar jiya aka shafa. Duk sanda na wuce na gan shi sai in ji sanyi a raina, in ce Allah ne yake tsare wa Inna.

Da kaka, ana tsakiyar haƙar doya, suka zo. Masu zarto mai inji ne a gaba, katafila biyu a baya. Duk ƙauyen ya fito kallo. Mai zarton farko ya wuce wata kanya marar ja ko kallonta bai yi ba, ya je ga mai ja, ya kafa mata zarto. Kafin mu rufe baki ta kwanta. Ya wuce ta biyu, mai ja. Ta uku, mai ja. Na ji wani dattijo a bayana ya yi wata ƙara a maƙogwaro. Ni kuwa na riga kowa kai ƙarshen lissafin.

Na zura a guje. Na tsinci wani fasasshen kasko a hanya, na isa gindin ɗorawar na fara kankara. Mutumin dogo ne, daidai ƙirjinsa ya shafa, ni kuma ko na yi ɗage, ƙasan layin kawai nake kaiwa. Na kankare abin da na iya har yatsuna suka fashe. Na hau sama na zuro hannu ta ƙasa, ban kai ba. Ina nan a kan reshe suka iso. Wani ƙato ya kamo ƙafata ya sauke ni kamar ɗan akuya, yana cewa, "Comot, comot! Ka tafi gida!" Na cije shi a hannu, ya yar da ni gefe. Iya ta iso tana ihu da Gbagyi, tana nuna ƙasa, tana nuna ni, tana cewa da Hausa, "Mutum yana ciki! Mutum yana ciki!" Mai zarton ya nuna mata jan da yatsa, ya ɗaga kafaɗa, ya ja igiyar injinsa.

Ba zan ba da labarin faɗuwarta ba. Iya ta danna fuskata a cikinta, ƙara kawai na ji. Da katafila ta zo cire kututturen sai ta haɗa da duk abin da ke tsakaninsa da layi ta baje, don ta samu wurin juyawa. Kafin la'asar wurin ya zama fili ja, sumul, ba ciyawa ba tudu.

Ranar ma Baba yana kasuwa. Ya dawo rana ba ta faɗi ba, ya ajiye kayansa, ya tafi ba tare da ya sha ruwa ba. Na bi shi daga nesa. Na gan shi ya fara daga bakin rafi yana ƙirga taku, ya tsaya, ya dubi dutse, ya koma ya sake farawa. Ya yi haka ya fi sau biyar. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, kuma bai tambaye ni komai ba. Ni ma na kama bakina, na riƙe shi shekara da shekaru.

Bayan nan abubuwa suka tafi da sauri. Aka cike rafin. Aka fasa dutsen da nakiya aka kwashe shi a tifa. Aka zo da manyan motoci aka kwashe mutanen ƙauye zuwa wani wuri da aka gina musu, Iya a cikinsu, da tukwanenta a cinya, kuma ban sake ganinta ba. Baba ya ƙi bin su. Ya ɗauki teburinsa ya kafa kusa da sansanin leburori, ya ci gaba da sayar da ashana da sabulu ga mutanen da suka baje matarsa. Na girma a bayan teburin nan, tsakanin ƙarar injuna, kuma daga lokacin ne na fara jin kada ki yi nisa. Na yi aure, mijina bakanike ne, muka zauna wajen Apo, Baba ya dawo hannunmu da ƙarfinsa ya ƙare.

Bayan shugaban ƙasa ya tare a Abuja da 'yan shekaru, an gama kaɗe-kaɗe da tutoci, ƙafafun Baba suka fara kumbura. Wata safiya ya kira ni ya ce yana so a kai shi ya yi wa innata addu'a a inda take, ko sau ɗaya, kafin a kira shi. Na ce Baba, ina za mu gane wurin? Ya ce ke ba ke ce kika san ko'ina ba?

Muka hau tasi zuwa Utako. Muka sauka muka yi ta tafiya a hankali, yana dafe da kafaɗata. Katanga, ƙofar ƙarfe, ramin gini, katanga. Ni da na san kowace ƙaya, na tsaya a tsakiyar titi ban san ina ne rafi ba. Baba ya ce yana jin nan ne, ya matsa jikin wata ƙofa yana leƙawa ta kafa. Mai gadi ya fito da kulki a hannu.

"Baba, wetin? Oga ba ya nan. Wa kake nema?"

"Matata nake nema, ɗana."

"Wane house number?"

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Baba ya matse min kafaɗa. Muka wuce. Da ƙafarsa ta gaza sai muka tsaya kusa da tashar mota, inda 'yan kamasho suke ta kiran Kaduna, Kaduna. Ya ɗaga hannu ya fuskanci gabas ya yi addu'a. Ya juya kudu ya sake, ya juya yamma, ya juya arewa. Ya ce ko ta ina take, ɗaya za ta same ta. Sannan ya zauna a kan kwalbati yana haki.

A nan abin ya ƙi zama a cikina. Na durƙusa a gabansa, mace da 'ya'ya uku, a bakin titi, na ce Baba, ba ta cikin layinsu. Ni na roƙi mai fenti ya shafa mata. Ni na kai shi har gindinta.



"Na sani," ya ce. "Tsohuwar ta faɗa min tun ranar da na dawo. Na je na gani da idona, da wuƙata a aljihu. Da na so, da na ɓare wurin kafin ki ƙifta ido."

"To me ya hana ka, Baba?"

"Alhamdu lillahi na ce. Na ce yarinyar nan ta fi ni hankali." Ya buɗe tafin hannunsa yana dubawa. "Da damina ta fara cin fentin sai tsoro ya kama ni, kada su zo su kasa gani. Duk Juma'a nake kwaɓa jar ƙasa in je in ƙara mata."

Ya goge hannun a jikin rigarsa, ya sake gogewa. Wani ɗan kamasho ya zo ya buga gefen kwalbatin da sanda, ya ce mu tashi mota za ta tsaya a nan. Na kama Baba na ɗaga shi, muka matsa.